Goran Babana da Ayun Kwara

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Akwai ma jikokina da sai na yi ta lalube kafin in kamo sunansu. Amma tafiyar da muka yi daga Illela zuwa Yawuri don ganin ayu tana nan daram a raina, kuma na tabbata da ita za a kai ni kabari. Shekaru kaɗan ne bayan Turawa sun miƙa mulki. Ina saurayi a lokacin, ina ɗinki a bakin kasuwa da keken da ake takawa da ƙafa, ga ni da saurin fushi, kuma magana ba ta kwana a cikina.

Babana masunci ne, mutumin Kalmalo. A bakin tafkin can ya tashi, kafin zama ya dawo da shi Illela. Tun kafin a haife ni ya taɓa zuwa cin rani Yawuri, a bakin kogin Kwara, ya dawo da labarin wata dabbar ruwa da ake kira ayu. Ya ce ta fi mutum tsawo, tana cin ciyawa kamar saniya, kuma da idonsa ya gan ta tana shayar da ɗanta, nonon kuwa a hammatarta yake. Sau ɗaya tak ya ba da wannan labari a rumfar kasuwa, sai aka yi rashin sa'a taubashinsa yana zaune a wurin.

Wannan taubashi nasa shi ne Kawuna, wan mahaifiyata, don auren zumunci iyayena suka yi. Kawu ɗan kasuwa ne, yana kai fatu Kwanni a hayin iyaka ya sayo kanwa, aljihunsa ɗaya sulalla, ɗayan sefa. Mutum ne mai teɓa da murya, bakinsa ba ya rabuwa da goro, hannunsa ba ya rabuwa da rediyo, kuma in ya fara zolayar mutum sai wanda ake zolayar ma ya yi dariya. Tun daga ranar ya laƙa wa Babana suna, wai Mai Kifi Mai Nono. Tunda wasan taubasai ne, ba mai ikon yin fushi. Babana yakan yi murmushi ya wuce, sunan kuwa ya bi shi kusan shekara talatin.

Abin ya daina zama wasa ne a shekarar da nake ba ku labari, ranar da ake duban watan azumi. Babana yana da kaifin ido irin na masunta. Rana na faɗuwa ya hango jinjirin watan daga bayan gari, siriri, bai daɗe ba ya ɓace. Ya zo masallaci da saurinsa, ana idar da magariba ya durƙusa gaban liman ya faɗa. Liman ya tambaye shi ko akwai wanda ya gani tare da shi. Kafin ya buɗe baki, sai ga muryar Kawu daga sahun baya:

"Allah gafarta Malam, a tambaye shi dai, halan watan ma da nono ga hammata!"

Masallaci ya ɗauki dariya, har dattawan da nake ganin girmansu suna rufe baki da hannun riga. Liman bai yi dariya ba, amma ya ce a hankali, tunda ba mutum na biyu, sai a jira labari daga Sakkwato. Washegari Babana ya tashi da azumi shi kaɗai a unguwarmu. Da hantsi, bayan kowa ya sha kununsa ya ƙoshi, sai rediyon Kawu da kansa ya ba da sanarwa cewa an ga wata jiya. Gari ya kame baki, aka hau lissafin ramuwa, amma ko mutum ɗaya bai tako gidanmu ya ce wa Babana ya yi haƙuri ba.

Daga ranar Babana ya daina zaman rumfa. In ya yi salla sai ya ɗauki takalminsa ya dawo gida. Har aka gama azumi bai leƙa kasuwa ba. Na ji shi wata rana yana ce wa Innata, "Mutumin da ba a karɓar maganatai, mi zai je yi cikin mutane?" Wallahi wannan magana ta ƙona mini rai.

Kwana biyu bayan salla na iske Kawu a rumfarsa, mutane sun kewaye shi. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Kawu, ka taɓa zuwa Yawuri?"

"In je in yi mi?"

"To mi yas sa ka ce ƙarya Baba ya yi?"

Ya gyara zama ya tofar da tukar goro. "Ɗana, na yi Kwanni, na yi Tawa, na yi Agadas. Ban taɓa ganin kihi da nono ba."

Na ce, "Agadas ɗin akwai ruwa?"

Wannan karo dariyar a kansa ta faɗa, shi kuwa bai saba ba. Nan take ya buga cinya ya ce ya yarda mu tafi tare. Muka yi sharaɗi gaban shaidu. In ya ga ayu tana shayarwa da idonsa, zai hau turmi a tsakiyar kasuwa ranar Lahadi ya faɗa wa duniya cewa Babana mai gaskiya ne. In ba mu gani ba, ni ma zan gaji sunan, kuma ba mai sake ta da maganar har abada. Sai da na juya baya na gane abin da bakina ya jawo mini. In muka dawo hannu biyu, na binne mutuncin ubana da kaina.

Bayan salla kasuwar ɗinki a kwance take, don haka na sami wani tsohon tamfol na mota na ɗinka jaka mai igiya biyu, irin wadda na ga sojoji suna goyawa. Na zuba bargo da ƙuli-ƙuli da ɗan kilishi, na rataya buta a gefe. Innata tana ta faɗa, rabi da ni, rabi da wanta, wai manya da yara duk mun rasa aikin yi. Da safen da za mu tashi sai Babana ya kira ni. Ya shiga ɗakinsa ya fito da goransa na su, ƙaton goran nan da masuntan Kalmalo suke kwanciya a kai da ciki su yi ta yawo bisa ruwa. Ya ɗaure mini shi a kan jakata da kansa.

Ya ce, "Da shi nig gan ta. Kwalekwale na da hayaniya."

Abin da ya faɗa ke nan, ya koma ciki. Ni kuwa na ce to, amma a raina ina ganin tsoho ya ƙara mini kaya ne kawai.

Motar albasa muka hau zuwa Sakkwato, daga can muka sami wata mai zuwa Jega, muka sake wata. Duk inda muka sauka sai an taru a kaina, jaka a baya, gora a kan jaka, wuyana ya leƙo ta gaba kamar kunkuru. Wata mai tuwo a Jega ta tambaye ni ko furar gari guda nake talla. Kawu kuwa ya sami abin yi, a kowace tasha sai ya tara mutane ya ce ga ɗan Mai Kifi Mai Nono za shi gaishe da dangin ubansa. Bayan Koko motar ta mutu murus. Direba ya shiga ƙarƙashinta ya fito ya ce sai an aika Sakkwato, wato sai abin da Allah ya yi. Muka kama hanya da ƙafa, yini guda da rabi. A nan jakata ta yi mini rana, don ina tafe hannuna sake, Kawu kuwa da ƙunshinsa a ka, rediyo a hammata, yana haki yana tsine wa duk wani kifi da ke duniya.

Da muka hau wani tudu muka hango Kwara, sai na ji shiru a bayana. Na waiwaya, na ga Kawu ya tsaya baki buɗe. Mu da muka ɗauka tafkin Kalmalo shi ne ƙarshen ruwa, ga ruwa shimfiɗe yana tafiya, da tsibirai a cikinsa har da garuruwa a kai. Can sai Kawu ya ce, "Kai, ɗana, wanga duk ina za shi?" Ban taɓa jin ya yi tambayar da ba ya da amsarta ba sai ranar.

Aka haɗa mu da wani tsohon masunci a wata 'yar tunga a bakin ruwa, Basarke, wato ɗan gadon su, wanda aka ce ba wanda ya kai shi sanin kogin. Muka miƙa masa goro, ya karɓe mu hannu bibbiyu ya ba mu bukka. Matarsa da wasu mata suna banda kifi a tsakar gida. Suna ganin abin da ke bayana suka bushe da dariya, har matar tana riƙe ciki.

Ta ce, "Baƙo, da wannan za ka shiga Kwara? Ai nan ba kududdufi ba ne!"

Kunya ta rufe ni. Na kwance goran na tura shi bayan rumbu, inda ba mai ganinsa. Yau da tsufana ina faɗa ba ɓoye-ɓoye: na ɗauko ƙafa tun daga Illela don in wanke ubana, amma dariyar mata uku ta isa ta sa na ji kunyar kayan aikinsa.

Tsohon ya saurari labarinmu har ƙarshe. Ya ce ayu kam akwai, sai dai ta yi ƙaranci, masu mashi sun matsa mata saboda namanta da manta. Ya ce dabba ce mai kunya da tsoro, abin da ake gani yawanci hancinta ne in ta ɗago shan iska. Shayarwa kuwa, a duk tsawon rayuwarsa sau biyu ya taɓa gani. Da ya ga yadda fuskata ta canza, sai ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙashin haƙarƙari mai nauyi da ɗan kwalbar mai, ya ce mu kai gida shaida.

Kawu ya juya ƙashin a hannu irin na mai sayen fata, ya ajiye. "Tsoho, ni ɗan kasuwa na. Ƙashi da mai ko a Illela sai in sai maka su, in ce na ayu na. Idona nika so ya gani." Sannan ya sa hannu a aljihu ya ce a faɗi ko nawa ne a kira masa ita. Tsohon ya dube shi ya ce ayu ba akuya ba ce, ba a kiranta.

Kwana huɗu muka yi muna fita a kwalekwale tun da sassafe. Ranar farko mun laɓe cikin ciyawa, tsohon ya ɗaga hannu alamar a yi shiru, sai Kawu ya murɗa rediyonsa wai lokacin labarai ya yi. Tsohon ya juya kan jirgi muka koma gida. Rana ta biyu aka bar rediyo a bukka, amma ba a bar bakin Kawu ba. Ya yi tari, ya yi atishawa, ya tofa goro a ruwa, ya tambayi farashin busasshen kifi. Rana ta uku, bayan mun yi zaman da ƙafafuna suka sage, sai can nesa wasu ramuka biyu suka ɓullo bisa ruwa, muka ji fuuu, suka nutse. Na damƙe hannun Kawu na nuna masa.

Ya ce, "Hanci nig gani. Kada ma na da hanci."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Rana ta huɗu ko hancin ba mu gani ba. Da muka dawo da la'asar Kawu ya ce shi gobe zai kama hanya, ya yi asarar kasuwa ɗaya, ba zai yi ta biyu ba. Bai ma zolaye ni ba, ya dafa kafaɗata kawai ya ce in yi haƙuri, wannan kuwa ya fi zolayar ciwo. Na zagaya bayan rumbu don kada a ga idona. Na zauna ina tunanin yadda zan shiga gida in dubi Babana. Kuma Allah ya gafarta mini, a zaman nan sai da zuciyata ta raya mini cewa wataƙila tsohon hanci kawai ya gani, ƙuruciya ta ƙara masa sauran.

Ina cikin haka sai wata kaza ta yi tsalle ta hau goran ta tsaya tana kallona. Na kore ta, na jawo shi ina kakkaɓe masa ƙasa, sai maganar Babana ta dawo mini kamar yanzu yake faɗa. Na ɗauki goran na je na sami tsohon yana gyaran taru, na maimaita masa abin da Babana ya ce. Ya ajiye tarun. Ya ƙwanƙwasa goran, ya juya shi, ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Ubanka ya san ruwa. Jirgi ko ba mai magana a ciki yana magana. Filafili na bugun gefe, sanda na sukar ƙasa, ga inuwa ta rufe mata sama. Wannan kuwa in yana tafe, sai ta ɗauka ƙwarya ce ruwa ya kwaso." Ya ce akwai wani lungu bayan tsibiri inda ruwa yake kwance, kwana biyu ke nan yana ganin an cinye burgu a wurin, ciyawar da ayu ta fi so, kuma ya ga alamar akwai ƙarami. Ya ce ba kada a wurin, dorina kuma tana can ƙasa da nisa.

Saura aiki ɗaya, wato wanda zai hau goran, tunda ba idona aka yi sharaɗi da shi ba. Kawu ya ce atafau, shi ko a kwatarniya bai iya iyo ba. Na ce shi ke nan, sai mu koma in faɗa wa Illela cewa an kai shi ƙofar ayu tsoro ya hana shi leƙawa. Matar tsohon ta sa baki ta ce ai a ƙyale shi, mai wannan teɓa in ya hau gora, goran ne abin tausayi. Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Gobe da hantsi." Mutumin da ya yi shekara talatin yana yi wa wani dariya ba ya iya jure ta yini ɗaya a kansa.

Da hantsi tsohon ya kai mu bakin lungun ya ɗaure jirgi nesa. Kawu ya tuɓe babbar riga da 'yar ciki, ya rage daga shi sai wando da layu. Tsohon ya sa shi ya tofar da goro, ya karyo asawaki ya ce ya ciza, kada ya saki ko me ya gani. Muka ɗora shi a kan goran da ƙyar, ciki ya malalo ta kowane gefe, hannu da ƙafa suna reto. Ni na shiga ruwan ta baya na riƙe goran, ina tura shi da ƙafa ta ƙarƙashi ba tare da na fasa ruwa ba, yadda Babana ya koya mini a Kalmalo tun ina ƙarami. Ruwan da sanyi, amma garau yake a wannan lokaci na shekara, kana ganin yashi da 'yan kifaye a ƙasa.

Muka shiga cikin burgu muka tsaya. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Rana ta gasa bayan Kawu, ƙudaje suka yi ta sauka a kansa, amma bawan Allah ko motsi bai yi ba, sai numfashi ta hanci. Can sai na ga wani dami na ciyawa a gabanmu yana nutsewa a hankali, kamar ana jansa daga ƙasa. Na ji wani gurus, gurus, irin na saniya in tana tuƙa. Na ƙara tura goran kaɗan, muka leƙa wani fili tsakanin ciyawa.

Ga ta nan. Toka-toka, ƙatuwa, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, da faffaɗar wutsiya kamar faifai, da leɓe mai gashi tana tattara ciyawa da shi. Idanunta ƙanana, ba ta ko kula da mu ba. Sai wani abu ya fito daga ƙarƙashinta, ɗanta ne, bai wuce girman tunkiya ba. Ya zagayo ta gefe yana tunkuɗarta da hanci. Ta ɗan karkata, ta ɗaga hannunta guda, ya cusa baki a hammatar ya kama. Tana cin ciyawarta, yana shan nononsa, rana ta haske su tas, tsakaninmu da su bai fi tsawon tabarma biyu ba. Hawaye suka zubo mini, na bar su suna gangarowa cikin Kwara.

Na ga asawakin ya faɗo daga bakin Kawu yana yawo bisa ruwa. Na ji ya yi salati a hankali. Na ce a raina Allah ya sa ya tsaya nan. Ina! Sai ya ɗago da ƙarfinsa duka ya kwarma ihu:

"Hammata! Wallahi tallahi ga hammata ya ke!"

Goran ya juye. Ayu ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, laka ta turnuƙe, ita da ɗanta suka ɓace. Kawu kuwa ya shiga bugun ruwa yana kiran sunan Allah da na iyayensa, yana cewa in gaya wa iyalinsa ya yafe musu. Na kama shi, ya nemi ya danne ni mu tafi tare. Sai muka ji muryar tsohon daga nesa yana cewa, "Alhaji, miƙe tsaye!" Kawu bai taɓa zuwa Makka ba, amma ya amsa. Ya miƙe, ruwan iyakar ƙirjinsa.

Mun yi dariya a bakin gaɓar nan har cikina ya ƙulle, tsohon ma da ba ya dariya sai da ya zauna a ƙasa. Kawu yana lulluɓe da bargona yana karkarwa, yana dariyar shi ma. Sannan sai ya jawo goran ya rungume, ya kifa kai a kansa. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Shekara talatin, ɗana. Kuma ko sau ɗaya bai rantse mini ba."

A dawowa shi ya goya goran da kansa, bai yarda na taɓa ba, kuma duk wanda ya yi masa dariya a tasha sai ya sha bayani.

Kawu ya cika alkawari. Ranar Lahadi, kasuwa ta cika maƙil da mutanen ƙauyukan Garu da Lafani da na hayin iyaka, aka mirgino turmi aka kife, ya hau da taimakon mutum biyu. Ya faɗi komai, da hanci, da wutsiya, da hammata, har yana ɗaga hannunsa yana nunawa. Ya ce taubashinsa mai gaskiya ne, shi ne maƙaryaci. Na tsaya ina jiran in ga mutane sun sunkuyar da kai. Sai wani mahauci ya ce, "To fa! Shi ma ya sha ruwan Yawuri!" Kasuwa ta kwashe da dariya. Kawu ya yi ta rantsuwa, suna ta ƙara dariya, jijiyar wuyansa ta tashi. Ni kuwa na fara naɗe hannun riga.

Sai na ji an riƙe ni ta baya. Babana ne. Rabonsa da kasuwa tun kafin azumi, ga shi ya sa rigarsa ta salla. Ya ratsa mutane har gaban turmin, ya ɗaga kai ya dubi Kawu, fuskarsa cike da murmushin da na daɗe ban gani ba.

Ya ce, "Sauko, taubashi, kada turmin mutane ya tsage. Bar su su yi dariya. Da ni ɗai na, yanzu mu biyu na." Da Kawu ya sauko, sai Babana ya ƙara da cewa, "An ce ka rage wa Kwara ruwa." Ranar ce na fara jin Babana ya rama wasa. Ya wuce rumfar Kawu ya zauna a wurinsa na da, ya miƙa hannu aka ba shi goro.

Da shekara ta zagayo, ranar duban wata, Kawu ya zo gidanmu tun la'asar sakaliya ya ce tare za su fita. Na bi su bayan gari. Rana na faɗuwa Babana ya nuna da yatsa. Kawu ya ƙanƙance ido, ya goge, ya sake ƙanƙancewa, bai ga komai ba, don idonsa ko lambar sefa sai ya kai ta hanci yake karantawa. Muka je masallaci, Babana ya durƙusa ya faɗa, liman ya tambaya ko akwai na biyu. Ni na ga watan, ina shirin magana, sai Kawu ya riga ni miƙewa.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban gan shi ba, ba ni ƙarya. Amma in wanga mutum ya ce ya gani, to akwai shi. Na taɓa musa mishi, sai da na sha ruwa."

Ba wanda ya yi dariya. Ni ma na faɗi abin da na gani, liman ya ɗauki shaidar Babana, ya haɗa da tawa, ya tashi mai keke ya kai labari gaba.

Duk sun riga mu gidan gaskiya yanzu, da Babana, da Kawu, da tsohon da ya kai mu lungun. Goran yana nan rataye a ɗakina, ya tsage ta gefe ɗaya, jikokina suna tambaya me ya sa ba na yar da shi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, dariya ba ta da nauyi a bakin mai yinta, amma tana iya raba mutum da maganarsa, wanda aka raba da maganarsa kuwa an raba shi da zama cikin mutane. Tun daga lokacin, in wani ya ba ni labarin abin da ban taɓa gani ba, ba na ce masa ƙarya ne. Nakan tuna cewa ni ma, da na fi kowa son Babana, sai da na ɓoye goransa a bayan rumbu. Sai in gyara zama in tambaye shi a ina ya gani, kuma a kan me ya hau.